Reshen da Ba a Yaye Ba

Yasna ta yi wa kakanta ƙarya a watan Yuli, wanda a wurinmu shi ne tsakiyar sanyi, ranar da ruwan sanyi ya ɗan tsagaita. Ta sauko daga kan tudu takalmanta sun yi nauyi da jar laka, almakashin askin inabi na cikin aljihun rigar sanyinta. Kakan nata, Tata Rosamel, na zaune bakin murhu yana gasa tafin hannu. Da ya ji motsin ƙofa sai ya juyo da fuskarsa, kamar yadda ya saba tun da yanar ido ta rufe masa gani, ya tambaye ta ko ta yaye ɗiyar Tsohuwa.

"Na yaye ta, Tata," ta ce, ta sunkuya tana kwance takalmi don kada ta dube shi, alhali ta san ko ta dube shi ba ganinta zai yi ba.

Ya ce madalla. Ya miƙo hannu ta ɗora masa almakashin, ya shafa bakinsa da babban yatsa, sa'an nan ya mayar mata da shi. Ya ce ta riƙe, daga yau nata ne, shi hannunsa ya gama. 'Yarsa, Goggo Clorinda, tana tsame burodi daga cikin toka, ta ce ai gara haka, ko ba komai an huta da makaho mai yawo da kaifi a tsakar gida. Suka yi dariya su biyu. Yasna ta yi tata daga baya, ba ta kai ciki ba.

Tsohuwa bishiyar inabi ce, irin país, tana can ƙololuwar tudunsu inda iskar teku ke fara bugawa da la'asar. Tsawonta bai wuce ƙugun mutum ba, amma kututturenta ya yi kauri, ya murɗe, ya tsattsage kamar diddigen manomi. Babu wanda ya san mai dasa ta. Kakan Tata ma a tsohuwa ya tarar da ita. Duk baƙin inabin da ya lulluɓe gangaren nan daga jikinta ya fito, domin mu a kwarin Itata ba mu saba sayen dashe ba. In bishiya ta mutu ta bar gurbi, sai a janyo dogon reshe daga maƙwabciyarta, a kwantar da shi cikin rami a binne, a bar kansa a waje. Reshen zai yi ta tsotsar uwar har ya yi saiwar kansa. In sanyi na biyu ya zagayo, sai a tona a yanke tsakaninsu, kowa ta ci gashin kanta. Shi ne yaye. Ba wani babban aiki ba ne, matsa almakashi ɗaya ne.

Shi wannan reshen, Nibaldo ne ya kwantar da shi. Nibaldo ɗan maƙwabtansu ne, shi ke yi wa Tata huɗa da doki tsakanin bishiyoyi, kuma shi ne mutumin da Yasna ta ɗauki zuciyarta kacokan ta ba shi ba tare da ta tsaya ciniki ba. Sati ɗaya kafin ya tafi arewa aikin haƙar tagulla a Calama suka hau tudun tare. Shi ya haƙa ramin, ita ta lanƙwaso reshen a hankali don kada ya karye. Da ya gama turbuɗa ƙasa ya tattake da ƙafa, ya goge hannu a wandonsa ya ce kafin lokacin yayenta ya yi ya dawo, shi zai riƙe, ita ta yanke. Yana faɗa yana dariya, ruwa na ɗiga daga gashinsa. Ita kuwa ta ɗauki maganar ta adana ta inda ake adana alkawari.

Ranar da Tata ya aike ta, ta je da niyyar yi. Ta durƙusa ta tona da hannu har ta taɓo reshen, sanyi ƙalau, ya yi kaurin yatsa biyu. Ta ɗora almakashi. Sai ta ga kamar in ta matsa, ita da hannunta ta yarda cewa lokacin ya yi kuma bai dawo ba. Ta daɗe a durƙushe gwiwoyinta na shan laka. Daga ƙarshe ta mayar da ƙasar ta rufe, ta ce wa kanta ai Satumba ba nisa, zai zo hutun bikin ƙasa, su yanke tare, babu wanda zai sani. Wata biyu me zai rage wa bishiyar da ta ga girgizar ƙasa iri-iri tana tsaye?

Satumba ta zo, aka yi biki, aka yi rawa, Nibaldo bai zo ba. Ya turo saƙo cewa ba a ba shi hutu ba. Kafin nan ruwan jikin inabi ya riga ya tashi, idanun rassa sun fashe sun yi toho, kuma kowa ya san in ka yanki inabi a irin wannan lokaci kuka yake yi, ya yi ta zubar da ruwa. Yasna ta ce to, sai Kirsimeti.

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne sama. Ruwan da ya kamata ya yi bankwana a Oktoba bai sauka ba. Nuwamba ta wuce ƙaf ba ɗigo. Rijiyar bayan gida ta koma laka, aka dawo jiran tankar ruwa ta hukuma da ke zuwa ta cika musu tankin roba. Kowace yamma bayan shayi Tata ya zauna a barandar gida, kofin giyar bara a hannunsa, ya sa ta ba shi labarin gona tun daga ƙasa har sama, domin ita ce idonsa. Yaya farin inabin italia? Ta ce ya fara ƙamshi tun bai nuna ba. Ya ce ai ita italia haka take, turare kafin aiki. Yaya inabin cargadora? Ta ce ta ɗauko 'ya'ya har rassan na taɓa ƙasa. Ya yi tsaki ya ce baƙuwar jiya ke nan, kullum sai ta ɗora wa kanta kayan da ya fi ƙarfinta, in zafi ya tsananta ita ce za ta fara raki. Masu saye daga birni su yi ta rububinta, su raina país wai giyar talaka ce mai ruwa-ruwa, amma país ba ta taɓa roƙon kowa ruwa ba, saiwarta ta san hanyar da ruwa ya bi ya ɓuya.

Sai ya ajiye kofin, ya yi tambayar ƙarshe, wadda kullum ita yake ajiyewa ƙarshe kamar tsokar da ake ɓoyewa ƙarƙashin abinci. Yaya Tsohuwa?

Har cikin Disamba in ta ce lafiya lau, gaskiya take faɗa. A Janairu ne ganyen ya fara. Da farko gefe-gefen ne suka yi ruwan ɗorawa, sa'an nan suka naɗe suka ƙone. 'Ya'yan suka tsaya ƙanana, suka ƙi cika. Taku uku daga nan kuwa ɗiyar ta yi kore shar, ta baza rassa, ta ɗauko nonon inabi manya-manya waɗanda bishiya mai shekarunta ba ta da hurumin ɗauka. Yasna ba ta buƙaci kowa ya fassara mata ba. Saiwar ɗiyar gajera ce, ƙasar sama ta bushe ƙurmus, ruwan da take wannan ado da shi Tsohuwa ce ke janyo shi daga can ƙarƙashin dutse, ita kuma tana kwashewa ta reshen nan da ke binne.

Ta je da almakashi sau da yawa. Amma yanzu tsoro ne ya riƙe mata hannu, ba so ba. Ba ta taɓa ganin an yi yaye a tsakiyar zafi ba. Ba ta san ko raunin zai ƙarasa uwar ba, ko ɗiyar za ta faɗi, ko duka biyun. Mutum ɗaya ne a duniya ya san amsa, shi ne kuma mutumin da take zama a gefensa kowace yamma tana ce masa, "Lafiya lau take, Tata." Yakan gyaɗa kai ya yi murmushi, ya ce ai ya sani. Wannan murmushin ne ya hana ta cin abinci. Ta rame, wuyanta ya fito. Goggo Clorinda ta ce ciwon Calama ne, ba shi da magani sai dai duka.

Sai ta fara satar ruwa. In rana ta take, gidan ya yi tsit kowa ya kishingiɗa, ta cika bokiti biyu daga tanki ta hau da su ta bayan rumbun giya. Gangaren na da tsayi, ƙarfen bokitin na yanka mata yatsu, rabin ruwan a kan ƙafafunta yake ƙarewa. Ta zuba a gindin Tsohuwa, ƙasar ta shanye nan take kamar ba a yi ba, ta watsa busasshiyar ƙasa a kai ta ɓoye sawu. Wani lokaci ta dafa kututturen ta ce mata ta yi haƙuri, da ƙarfi, kamar mai magana da mutum.

Goggo Clorinda ta lura ruwa na gudu. Ta zargi tankin, ta kwanta ƙasa tana laluben huda. Ta zargi mai tankar, ta tare shi a bakin hanya ta ce masa rabi yake zuba musu ya kai wa budurwarsa sauran. Ta zargi mahaifinta da wanke ƙafa sau uku a rana kamar ango. Ranar da zarge-zargen suka ƙare mata, sai ta ƙi kwanciya, ta bi sawun ɗigon ruwa har kan tudu.

"To, ga ɓarauniyata," ta ce tana haki, hannu a ƙugu. "Na zagi bawan Allah a banza. Ke, tun da aka halicci tudun nan kin taɓa ganin an ba país ruwa da bokiti? So kike a yi da mu a gari?"

Yasna ta ajiye bokitin. Goggo ta kai dubanta ga Tsohuwa. Ta dubi ɗiyar. Ta sake duban uwar. A tudun nan aka haife ta, ba ta buƙaci bayani ba ita ma. Ta durƙusa da kyar ta tona da yatsu, ta kankare bayan reshen da farce, ga shi kore, ɗanye, yana aikinsa. Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Da bakinki kika ce masa kin yaye. Ina wurin."

"Na sani, Goggo."

"Saboda wancan mai haƙoran dokin?"

Yasna ta fashe da kuka, ta ce za ta yanke yanzu, a gabanta. Goggo ta riƙe mata hannu ta ce kul, ita ma ba ta san abin da yanka zai haifar a wannan zafin ba, aikinta girki da murza inabi, aski na tsoho ne. Ta ce a je a tambaye shi. Yasna ta ce in an tambaye shi ai an gaya masa ke nan. Goggo ta ce to da me take tsammani?

"Ni dai ba zan faɗa masa ba," ta ce tana kakkaɓe zaninta. "Ba don ina jin tausayinki ba. Don ba ni na yi ba. Kuma ruwana ki bar mini, ba abin da yake yi mata, saiwarta ba a nan sama take ba."

A wannan makon Nibaldo ya kira. Kan tudu ne kawai waya ke kamawa sosai, don haka tana tsaye tsakanin bishiyoyin biyu ta amsa. Muryarsa na nan yadda take, mai ɗumi, mai sa mutum ya manta abin da ya zo faɗa. Ya ba ta labarin ƙurar arewa, da babur ɗin da yake shirin saye, da wani abokin aikinsa mai ban dariya. Ya tambayi lafiyar dokinsa da ya bar wa babansa. Da ya numfasa, ta ce masa a hankali har yanzu ba ta yaye reshen ba.

"Wane reshe?"

Ta tuna masa. Ramin, ruwan sama, shi zai riƙe ita ta yanke. Ya yi dariya ya ce au, wannan? Kai, Yasna, ke ma dai. Ai da kin yanke abinki.

Ba ta tuna yadda suka yi sallama ba. Ta dai tuna ta tsaya tana kallon ganyen Tsohuwa, wanda iska ke kaɗawa yana ƙara kamar takarda, tana jin kunya irin wadda ba ta taɓa sanin akwai ta ba. Da a ce ma yaudararta ya yi, da ta sami wanda za ta raba laifin da shi. Bai yaudare ta ba. Magana ya yi ya wuce, ita ce ta tsaya.

Ta yi niyyar faɗa wa Tata a yammacin nan, da na gobe, da na jibi. Kullum ta buɗe baki sai ta tarar ya riga ya shiga labari. Yadda wuta ta taso daga gandun katako wata shekara ta cinye shingen gona ta tsaya daf da Tsohuwa. Yadda marigayiyar matarsa ke cewa da shi da bishiyar nan ba ta san wa za a fara binnewa ba. Yana ba da labarin yana juya kofi a hannu, fuskarsa a sake, ita kuma sai ta ce bari ya gama wannan tukuna. Haka Fabrairu ta tafi, Maris ta raba.

Al'adar gidansu ce ba a taɓa ko ƙwaya ɗaya a gona sai mai gida ya yanki nonon farko daga jikin Tsohuwa. Inabinta bai fi cikin kwando ɗaya ba, amma shi ake fara murzawa a kan asabarin gora, a bar shi ya fara tafasa a ƙaramin baho, sa'an nan a juye shi cikin babbar gangar katako ya tayar da sauran. Tata yakan ce shi ya sa giyarsu ba ta kama da ta kowa, ko italia ce ko cargadora, Tsohuwa ce ke koya musu magana.

Ranar girbi maƙwabta suka zo gayya tun da hantsi, da kwanduna da wuƙaƙe da surutu. Mahaifin Nibaldo, Don Eliodoro, ya kawo doki. Aka ɗora Tata, ya sa hularsa ta zuwa coci, Yasna ta ja linzami. Yana ta zolayar mutane a hanya, yana gane kowa da tarinsa. Ya ce wa Don Eliodoro dokin nan ya fi ɗansa sanin hanyar gida. Aka yi dariya. Yasna na gaba, ba wanda ya ga fuskarta. Duk takun da dokin ya yi tana cewa yanzu zan faɗa, har suka iso.

Aka sauke shi. Ya cire hula ya gaishe da bishiyar kamar yadda yake yi kowace shekara, ya ce mata ga shi ya sake zuwa, bai mutu ba, ta yi haƙuri. Ya miƙa hannu. Ganyen farko da ya kama ya ruguje masa a tafi.

Surutun ya mutu. Tata ya laluba ya kamo nono ɗaya, ya murza 'ya'yan tsakanin yatsunsa, sun yamutse sun bushe. Ya bi reshe zuwa kututture, ya bi kututture zuwa ƙasa, ya durƙusa a kan gwiwar da ke masa ciwo. Hannunsa ya yi ta shafa ƙasar ta gefen ɗiyar, ya tsaya a inda aka sha tonawa ana rufewa. Ya cusa yatsu. Bai daɗe ba.

Ba tare da ya ɗago ba ya ce wa Don Eliodoro su sauka su fara da italia ta bakin rafi kafin rana ta yi zafi, shi zai ɗan huta a nan da jikarsa. Mutane suka dubi juna, don ba a taɓa farawa da italia ba, amma Goggo Clorinda ta kora su gaba tana cewa ba su ji ba ne, ko sai an rubuto musu?

Suka rage su biyu da doki.

"Ba ki yanke ba."

"Ban yanke ba, Tata."

Ta fara bayani, maganar na fita a karye. Ya ɗaga hannu. Ya ce ba sai ta faɗa ba, yana tsaye a wurin ranar da yaron ya yi maganar, lokacin idonsa na gani, har dariya ya yi. Ya shafa reshen da ke cikin ramin.

"Da kin gaya mini a Satumba, da na sa kin yi masa rabin yanka, ya riƙa raguwa a hankali. A Janairu ma da sauran dabara, sai a zubar da 'ya'yan duka biyun, ta huta." Muryarsa ba ta tashi ba. "Kullum ina tambayarki, 'yar nan. Kullum."

Da ya daka mata tsawa, ko ya ɗaga sandarsa, da ta ji sauƙi. Ta durƙusa kusa da shi tana kuka ba sauti. Ya tambaya ko almakashin na jikinta. Ta ce yana nan. Ya ce ta fara da 'ya'yan Tsohuwa, ta sauke su duka, kada ta bar ko ɗaya yana jan ta. Ta yi ta yanka suna faɗuwa ƙasa ba nauyi. Sa'an nan ya kama reshen da hannu biyu ya ɗago shi daga ramin, ya nuna mata wurin da babban yatsa.

Ta matsa. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba. Wannan ne duk abin da ta kasa.

Ya sa ta shafe bakin raunin da laka. Ta tambaye shi da me za a tayar da giyar bana. Ya ce ta cika kwandon daga jikin ɗiyar, ai ruwan uwarta ne a ciki.

Da azahar aka zauna cin abinci a ƙarƙashin rumfa, romon kaza da masara da dankali, da yajin tumatur, da giyar bara a buta. Don Eliodoro ya goge baki ya tambayi abin da kowa ke son tambaya. Yasna na tsaye da tukunya a hannu. Ta riga ta shirya, ta ma ƙosa a faɗa a gaban kowa a gama.

"Tsufa ne da fari," in ji Tata. "Me kuke so ta yi? Ni ma haka zan yi muku wata rana, ku zo da kwando ku tarar ba komai."

Aka yi ta jajanta masa. Wani ya ce nasa tsofaffin bishiyoyin ma sun sha wuya bana. Wata ta ce wa Yasna sannu da ƙoƙari, ita ce ke riƙe da gonar nan. Yasna ta zuba mata romo har ya zube a kan tebur. Goggo Clorinda ta karɓi tukunyar ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Giyar ta tashi lafiya, ta yi kyau ma. Tata bai sake ta da maganar ba, bai karɓe almakashin ba, bai canza mata fuska ba. Abu ɗaya kawai ya canza. Da yamma in sun zauna, yakan tambayi italia, ya tambayi cargadora, ya tambayi ko gangar ta daina huci, sa'an nan ya ɗauki kofinsa ya yi shiru. Tambayar ƙarshe ta ɓace. Kowace yamma Yasna na jiran ta, kowace yamma wurinta na nan a buɗe tsakaninsu.

Ruwan sanyi ya sauka a kan kari, kamar mai neman gafara. Ta yi wa gonar aski ita kaɗai, ta bar wa Tsohuwa idanu kaɗan don kada ta wahala. Satumba ta zo, gangaren ya fara kore daga ƙasa yana hawa. Ɗiyar ta yi toho tun da wuri, da saiwarta, ba ta ko yi yaushi ba. Yasna na hawa kowace safiya ta duba uwar. Ta jira har Oktoba ta ƙare, don país ba ta da gaggawa. Ranar da ta kankare bayan reshe da farce ta ga ciki ya yi ruwan ƙasa, ta sake gwada wani, ta sake gwada wani, sai ta sauko.

Ta same shi a baranda. Bai tambaya ba. Ta tsaya a gabansa.

"Tata, Tsohuwa ba ta yi toho ba. Na duba duka rassan. Ta bushe."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ta ga ruwa ya taru a fararen idanun nan da ba sa gani, bai goge ba. Bayan wani lokaci ya matsa gefe a kan bencin ya bar mata wuri. Ta zauna. Ya tambaye ta ɗiyar fa, yaya take, ta gaya masa dalla-dalla, toho nawa, wane ne ya fi ƙarfi, wane gefe ya nufa. Ya ce wanda ya nufi wajen uwar kada ta taɓa shi, ta bar shi ya yi tsawo iya son ransa.

Da Yuli ta zagayo suka tone kututturen. Don Eliodoro da wasu maza biyu suka yi wuni suna fama, saiwar ta ƙi ƙarewa, daga baya dole suka sare ta suka bar sauran a cikin dutse. Goggo Clorinda ta hana kowa ya kai shi wajen itacen girki, ta sa aka jingine shi a bakin ƙofa. Washegari aka sake ɗora Tata a kan doki. Ya ƙara tsufa a shekarar, sai da mutum biyu suka tallafe shi.

Yasna ta haƙa ramin da kanta, daga gindin ɗiyar zuwa gurbin da uwar ta bari. Ta lanƙwaso dogon reshen a hankali, yana ƙara kaɗan-kaɗan amma bai karye ba. Tata ya durƙusa a bakin gurbin ya riƙe kan reshen ya miƙar da shi sama, ita kuma tana turbuɗa ƙasa. Ruwa ya fara yayyafi, yana taruwa a bakin hularsa.

"Sanyi biyu," ya ce. "In ina nan, ni zan riƙe miki. In ba na nan, kada ki jira kowa."

Ta ce to. Ya sa ta maimaita da ƙarfi, wai kunnensa ya fara bin idonsa. Ta maimaita. Sa'an nan ta miƙe ta tattake ƙasar da ƙafa, shi kuma bai saki kan reshen ba sai da ta gama.